Kafaɗar Sabo Mai Fito

A unguwar Kusfa, cikin birnin Zariya, in ka ce kana neman gidan Malam Sabo sai a tambaye ka wanne, don Sabon ba ɗaya ba ne. Amma in ka ce Sabo Mai Fito, ko akuyar unguwa za ta nuna maka ƙofar. Gidan malamai ne a hagunsa, gidan ma'aikatan gwamnati a damansa, shi kuwa a tsakiya ba allo ba biro, sai gwangwala, doguwar sandar nan da ake tura kwale-kwale da ita. Ubansa ya yi fito, kakansa ya yi, duk a wuri ɗaya da ake kira Mashigar Kanya, tafiyar rabin awa a keke in an fita ta Ƙofar Gayan. Da rani ko tsohuwa sai ta tattare zani ta tsallake kogin da ƙafa. Da damina kuwa, wata huɗu cur, duk mai son shiga birni daga ƙauyukan tsallake, mai rake ne, mai nono ce, ko mara lafiya za a kai asibiti a Wusasa, dole ya zauna a jirgin Sabo ya natsu.

Shekara arba'in da ɗaya yana wannan aiki, rai bai taɓa salwanta a hannunsa ba. Ba ya faɗa, don a ganinsa faɗin irin wannan magana tsokanar ƙaddara ce, amma ita ce dukiyarsa duka. Ranar da ubansa ya miƙa masa gwangwala abu ɗaya ya gaya masa: mutanen da ke hawa jirgin nan amana ne, yadda ka karɓe su a wannan gaɓa haka za ka ajiye su a waccan. Burin Sabo a duniya bai wuce ya sauke amanar nan ba tare da ta yi giɓi ba, tun ƙarfinsa bai ƙare ba.

To, ƙarfin ya fara ƙarewa, kuma mutum biyu kaɗai suka sani, shi da matarsa Mairo. Kafaɗarsa ta dama ce ta ƙi shi. Shekara uku ke nan hannun ba ya ɗaguwa ya wuce ƙirji, in ya matsa masa sai ya ji kamar an soka masa basilla. Ya koyi tuƙi da hagu, ya koyi gaisawa da mutane yana ɗan sunkuyawa, har ana yabon ladabinsa. Mai fito ba ya cewa ba shi da lafiya. In fasinja suka tsorata sai su fara motsi, in suka fara motsi jirgi ya kife, don haka natsuwar mutum goma sha biyu a fuskar mai tuƙi take. 'Ya'yansa maza biyu sun yi boko, ɗaya akawu ne a Kaduna, ɗaya malamin firamare, kuma shi ya kai su makarantar da ƙafarsa, saboda haka ba shi da bakin kuka. Duk lokacin da hadarin farko ya taso, sai ya ji gabansa ya faɗi.

Ana cikin haka, a ranin 1987, labari ya ɓulla cewa Alhaji Isma'ila na Limancin Kona ya samo takardar izini daga gwamnati, zai gina gada a Mashigar Kanya da kuɗin aljihunsa, ya riƙa karɓar kuɗin wucewa na wasu shekaru, sannan ya bar wa jama'a. Alhajin ɗan gidan malamai ne da ya zame ya faɗa kasuwanci, daga sayen auduga har ya mallaki tifofi. Gonar kakanninsa tana tsallake, kuma tun yana riƙe da bakin rigar ubansa a jirgin Sabo yake tsallakawa.

Ranar da Sabo ya ji labarin, ya shiga ɗaki ya kai goshi ƙasa, ya daɗe bai ɗago ba, har Mairo ta leƙo ta ɗauka faɗuwa ya yi. Ya ɗago da hawaye a gemu, ya ce mata Allah ya ji kukansa.

Amma mutanen birni ba su ga wannan sujada ba, kuma mutanen birni, Allah ya yi musu albarka, in suka tashi tausaya maka sai sun kusa ƙarasa ka. Kowa ya yanke cewa an toshe wa Sabo hanyar cin abinci. In ya iso majalisar ƙofar masallaci ana zancen gada, sai a yi tsit, wani ya jawo zancen tsadar taki. Shi kansa Alhaji kunya ta kama shi har ya daina bin layin Kusfa da motarsa. Bai zo ba, bai aiko da magana ba, sai dai buhun shinkafa da yadin shadda suka iso gidan a bayan a-kori-kura, direba ya ce an ce a gaishe da Baba. A wurin Alhaji wannan ban haƙuri ne. Sabo kuwa ya fassara shi da cewa, ci ka yi shiru, ba a bukatar bakinka a cikin maganar nan. Shi ma sai ya kama kansa, ya aika da godiya ta bakin direban.

Da katafila ta iso bakin kogi aka fara kafa turaku, Sabo ya jingine kekensa a gindin kanyar da aka sa wa mashigar sunanta, ya tsaya kallo yana murna a ɓoye. Murnar ba ta kai azahar ba. Injiniyan aikin, wani saurayi mai fara'a da ake kira Jibril, ya zaɓi inda kogin ya fi ƙunci, ƙasa da kanyar kaɗan, inda ruwa ke yin kwana. Ƙafar gada ta wannan gaɓa a kan tudu take, ba laifi. Ta tsallake kuwa, a tsakiyar wata gonar rake aka kafa mata turaku.

Sabo ya san gonar raken nan ba gona ba ce, aron ta aka yi. Tsohuwar hanyar kogin ce. A shekarar babban ruwa kogin ba ya iya shan kwanar, sai ya miƙe sak ta cikinta ya kwashe duk abin da ya tarar. Sau biyu ya gani da idonsa, sau ɗaya yana yaro, sau ɗaya ba da daɗewa da aurensa ba. Kuma yana da shaida, don gidansu suna da wata al'ada: duk shekara, ranar da ruwa ya kai maƙura, mai fito yakan matsa da jirgi jikin kanyar ya buga ƙusar maƙera daidai inda ruwan ya tsaya. Ƙusoshin shekarun nan na fari da ƙarancin ruwa, tun daga babbar yunwa zuwa yau, duk sun taru daga gwiwa zuwa ƙugu. Na zamanin ubansa suna can sama, sai mutum ya ɗaga kai. A cikinsu akwai wata mai zobe, wadda in ruwa ya taɓa ta, to gonar rake ta zama kogi.

Mako biyu yana haɗiye maganar. Ran nan dai ya ga tifa ta fara juye tsakuwa a tsallake, sai ya daure ya tari injiniya a gaban leburori.

Ya ce, "Injiniya, sannu da aiki. Ina da 'yar magana, in ba za a ga na yi shisshigi ba."

Jibril ya cire hular kwano ya rusuna. "Haba Baba, wurinka ne ai."

"Ƙafar can ta tsallake, da an ɗaga ta sama, wajen falalen dutsen can. Inda kuka sa ta hanyar ruwa ce."

Jibril ya yi murmushi irin na wanda aka riga aka gargaɗa. Ya ce, "Baba, mun yi safiyo mun auna wurin, mun kuma duba rekod na cikar kogin na shekara goma sha biyar. Ruwa bai taɓa zuwa kusa da wurin ba." Sai ya rage murya, da nufin kyautatawa. "Kuma Alhaji ya ce in ka yi magana a shaida maka ba zai manta da kai ba. In an gama, akwai aikin yankan tikiti."

Wannan kalma ita ta ɗaure wa Sabo harshe. Ya zo da maganar ƙusoshi a bakinsa, sai ya ga an ɗauka ciniki ya zo yi. Wani lebura ya ce wa ɗan'uwansa, ba a hankali ba, tsoho dai ya ga abinci zai kuɓuce. Sabo ya ce Allah ya ba da sa'a, ya hau kekensa.

Kafin Juma'a magana ta zaga birni, kuma ta yi ƙiba a hanya. Aka ce Sabo Mai Fito ya je ya yi wa gada baki, ya ce sai ruwa ya cinye ta. Da aka sallame daga masallaci, wani dattijo da suka yi wasan ƙasa tare ya ja shi gefe, ya yi masa nasiha mai tsawo a kan hassada, ya tuna masa cewa arziki na Allah ne. Sabo ya saurara har ƙarshe, ya yi godiya. A shekara sittin da 'yan kai da ya yi a duniya, ba a taɓa gaya masa maganar da ta ƙona shi kamar wannan ba, kuma mai faɗinta don Allah ya faɗa.

Ya dawo gida ya zauna a gindin turmi, ya ƙi cin abinci. Mairo mace ce da ba ta iya zagaye ba. Ta ɗauko man zafi, ta zare masa riga ta fara murza kafaɗar, tana magana.

"Malam, laifinsu ne? Kowa ya ɗauka kana son gwangwalar nan kamar ranka. Duk abin da ka faɗa a kan gada, da wannan kunnen za a ji shi."

"To in yi yaya? In rantse musu?"

"Mai hassada ma yana rantsuwa. Nuna musu wannan." Ta danna kafaɗar har ya cije leɓe.

Ya ce, "Kin san abin da kike faɗa kuwa? In aka sani, wa zai sake zama a jirgina da kwanciyar rai? Kuma in suka yarda suka ɗaga ƙafar, aiki ya koma baya. Gadar da za a gama kafin ruwa ya sauka sai baɗi. Damina guda ke nan ta ƙaru a kaina, da wannan hannun."

Mairo ta ce, "In ka yi shiru kuma, ka huta bana. Ranar da ta rufta da mutane a kai fa, su amanar wa ke nan?"

Ta rufe kwalbar man, ta ce ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi, ta tashi ta bar shi.

Washegari da hantsi ya sa babbar rigarsa ta zuwa suna, ya taka har Limancin Kona. Zauren Alhaji Isma'ila cike yake kamar kullum, da direbobi, da dillalan auduga, da manoman tsallake da suka shigo gaisuwa. Da Alhaji ya hango shi sai ya miƙe zumbur, ya rasa inda zai sa idonsa, ya shiga gaisuwa ba ƙaƙƙautawa, ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya sake tambayar gida. Sannan ya yi wa jama'a alama su ba su wuri.

Sabo ya ce, "A'a, Alhaji, bar su. A gabansu aka ce na yi wa gada baki, gara a gabansu in yi magana."

Aka koma aka zauna. Sabo ya kama wuyan rigarsa da hannun hagu ya cire ta, ya cire 'yar ciki, ya tsaya daga shi sai wando a tsakiyar zauren mutane, abin da dattijon birni ba ya yi ko da wuta ta kama rigar. Kafaɗar hagu tana nan da namanta. Ta dama ta zube, ƙashi ya fito.

Ya ce, "Sama'ila." Rabon da wani ya kira Alhaji da wannan suna tun rasuwar ubansa. "Dubi nan."

Ya ɗaga hannun dama. Ya tashi a hankali, yana rawa, ya kai ƙirji ya tsaya. Ya ƙara yunƙurawa har gumi ya tsattsafo masa a goshi, hannun bai ƙara ko taƙi ba. Ya sake shi ya faɗi.

"Shekara uku ke nan. Bara, ranar wata kasuwa, gwangwala ta kuɓuce mini a tsakiyar ruwa da mutum goma sha ɗaya a ciki. Jirgi ya juya sau biyu kafin in cafko ta. Na yi dariya na ce musu kututture nake kauce wa."

Wani manomin rake da ke zaune bakin ƙofa ya ce a hankali, "Ina ciki ran nan. Da ni da 'yata."

Sabo ya ci gaba, muryarsa ba ta tashi ba. "Duk garin nan ba wanda ya kai ni bukatar gadarka. Ranar da na ji za ka gina ta, sujada na yi. Na ci shinkafarka, na gode, amma ba ita nake nema a wurinka ba. So nake in ajiye sandar nan in san mutanena suna tsallakawa lafiya. Inda kuka sa ƙafar can, ba za su tsallaka lafiya ba. Ka zo in nuna maka, in ƙarya nake yi ka kira ni mai hassada a gaban kowa, na yafe."

Alhaji Isma'ila ya sauko daga kan kujerarsa, ya ɗauki rigar daga ƙasa ya kakkaɓe, ya sa wa tsohon da hannunsa. Ya ce, "Baba, ni kunyarka ce ta hana ni zuwa. Na ɗauka na cuce ka."

Sabo ya ce, "Ni ma kunyar ce ta hana ni. Ka ga inda ta kusa kai mu."

A ranar suka tafi bakin kogi a motar Alhaji, aka kira injiniya. Sabo ya kai su gindin kanya ya fara nuna ƙusoshi daga ƙasa, yana faɗin shekarar kowace da abin da ya faru a cikinta. Jibril yana biye da shi da ladabi har suka wuce ƙugu. Da Sabo ya nuna sama da sandarsa, inda tsofaffin ƙusoshi suka yi baƙi ɓawo ya kusa haɗiye su, sai murmushin injiniya ya ɗauke. Ya sa aka kawo tsani, ya hau da tef ɗinsa ya auna mai zoben, ya sauko ya leƙa ta na'urarsa zuwa tsallake, ya daɗe yana rubutu. Sannan Sabo ya ce a haƙa rami a tsakiyar gonar rake, tsayin mutum. Leburori suka haƙa. Baƙar ƙasa ta ƙare a ƙirji, daga nan sai farin yashi da tsakuwa mai santsi, irin wadda ruwa ne kaɗai ke goge ta.

Jibril, Allah ya saka masa, ba mai taurin kai ba ne. Ya damƙi yashin ya murza a tafinsa, ya ce, "Baba, rekod ɗina na shekarun fari ne. Naka ya fi nawa tsawo." Ya juya ga Alhaji ya gaya masa gaskiya ba ragi: sai an bar abin da aka zuba, a koma wajen falalen dutse, a ƙara ginshiƙi biyu, a ɗaga gadar sama, kuma ba za a gama bana ba. Alhaji ya dubi simintin da ya riga ya daskare a banza. Ɗan kasuwa ne, kuma an ga abin ya taɓa shi. Can ya ce a koma wajen dutsen. A watan nan ya sayar da tifa biyu.

Saura daminar da Sabo ya jawo wa kansa da bakinsa. Ranar da kogi ya fara kawowa ya iso mashiga da sassafe, yana jiran ya ga mutane sun tsaya nesa suna kallon kafaɗarsa. Abin da ya tarar daban ne. Alhaji ya sa an ja wata kakkaurar waya daga gindin kanya zuwa wani ƙarfe da aka kafa a tsallake, aka rataya jirgin a jikinta da sarƙa, yadda ko gwangwala ta kuɓuce ruwa ba zai tafi da shi ba. Manomin raken nan shi ya fara shiga, ya kama wayar da hannu biyu ya ce Baba ya faɗi yadda za a ja. Daga ranar, duk namiji mai ƙarfi da ya shiga jirgin sai ya kama waya ba tare da an roƙe shi ba, Sabo yana tsaye a baya yana karanta ruwa, yana cewa a ja, a dakata, a ja. Masu nono suka sa shi gaba da tsiya, wai ashe shekara uku da rabin mutum suke tsallakawa suna biyan kuɗin cikakke. Ya yi dariya, dariyar gaske wannan karon. Abin da ya ɓoye don kada a guje shi, da ya fito sai ya jawo masa hannaye. Damina ta wuce ba wanda ya jiƙa ko gefen zani.

Aka buɗe gada a ranin 1988, da addu'a da rabon goro. Aka gina 'yar rumfa a bakinta, aka gitta sanda, mai ƙafa ya ba da sule, mai keke da mai mota kowa da nasa. Mutane suka yi ta gunaguni a kan kuɗin, kamar yadda suka shekara arba'in suna gunaguni a kan kuɗin fito, suna kuma biya. Alhaji ya zo har Kusfa, da ƙafarsa wannan karon, ya yi tayin aikin tikiti. Sabo ya ce hannun da ba ya ɗaguwa ina zai iya miƙa tikiti ta tagar mota, a ba mai iyali ƙanana. Aka jawo kwale-kwalen aka kife shi a kan tudu. Wasu kuwa, da suka ga ruwan farko ya wuce can ƙasa da gadar kamar ba zai taɓa isowa ba, suka fara cewa tsoho ya sa Alhaji asarar tifa biyu a banza. Sabo ya ji, ya wuce abinsa.

A watan Agusta sama ta ɓalle. Kwana uku ana ruwa, katangu suna zubewa a cikin birni, kowa yana tare yoyo da kwano. Safiya ta huɗu, ana yayyafi, Sabo ya ce wa Mairo zai je ya dawo. Ta dube shi, ta miƙo masa buhu ya rufa a ka, ba ta tambaye shi ina ba.

Tun daga nesa ya ji rurin kogin. Da ya iso, kanya tana tsaye a cikin ruwa, mai zobe ta nutse ba a ganinta. Gonar rake babu ita, sai jan ruwa yana gudu da itatuwa da bunun ɗakuna, ya miƙe sak ta inda ya saba bi tun kafin a haifi kowa a wurin. Tulin simintin da aka fara zubawa ko alamarsa babu. Can sama, a kan falalen dutse, gada tana tsaye, ruwa yana dukan ginshiƙanta yana rabewa. Jibril yana bakin rumfa da lema, ya iso tun da safe don ya duba. Da ya ga Sabo, sai ya zo ya durƙusa a cikin taɓo ya gaishe shi.

A irin wannan rana, a da, ba a fito. Mutane sukan taru a tsallake da marasa lafiyarsu suna kiran sunansa, shi yana wannan gaɓa yana kallonsu, ba yadda zai yi, wani lokaci har kwana biyar. Yau kuwa ga su nan suna tahowa, masu keke da buhunan masara, wata a-kori-kura da tsoho kwance a baya an lulluɓe shi da leda.

Sabo ya hau gadar a hankali ya tsaya a tsakiya, ya dafa ƙarfen gefe yana jin ƙarfin ruwan yana ratsa siminti har tafin ƙafarsa. Sai ga wasu mata biyu daga tsallake, 'yan shekara ashirin da wani abu, ɗaya da goyo a baya da ƙwarya a ka. Hira suke yi a kan wata atamfa da aka sayar wa ɗayar da tsada. Kogin da ya ci shanu ya ci gonaki yana ruri a ƙarƙashinsu, ko leƙa shi ba su yi ba. Jaririn yana barci, kansa ya langaɓe. Da suka iso inda yake, mai goyon ta dube shi, ba ta san shi ba, tsoho ne kawai da buhu a ka ya tare hanya.

Ta ce, "Baba, ɗan gyara mu wuce."

Ya matsa gefe. Wani daɗi ya cika masa ƙirji, irin wanda bai taɓa ji ba ko ranar da aka yi masa haihuwar fari, har ya rasa abin da zai yi da shi. Ya ce, "Ku wuce, 'yata. Allah ya kiyaye hanya."

Ta amsa da amin ba tare da ta waiwayo ba, suka ci gaba da zancen atamfarsu. Sabo ya tsaya har suka sauka, yana ta maimaita godiya ga Allah a hankali, ruwan sama yana gangarowa ta gemunsa. Sannan ya gyara buhunsa ya kama hanyar gida.